Jirgin da Na Ƙera a Ƙofar Marusa

Hoto ɗaya suka ba ni, ruwa ya taɓa shi,
gefensa gara ta yi kalaci.
Malam Sada na gidan tarihi ya ce,
"Ƙera mana irinsa, Iro,
kada ka ƙara, kada ka rage,
yara su ga abin da ya fara keta mana sama."

Wata huɗu ina fama da shi.
Na sa tabarau na ƙirga wayoyin fiffike,
sha takwas na samu; ta sha tara
ko waya ce ko tsagar takarda, Allah masani.
Na yanka kwano, na lanƙwasa rodi,
ƙafafu na ciro jikin mataccen babur,
farfela na sassaƙa da icen maɗaci.
Wutsiya kuwa, hoton bai kai can ba,
sai na ƙago ta, na kama bakina.

Da aka zo fenti, hoton baƙi da fari ne.
Sada ya ɗaga kafaɗa:
"Ai na soja ne, sa mashi kore."

Ran da muka kai shi aka kafa allo,
WANNAN DAIDAI YAKE DA NA ASALI.
Na karanta sau biyu, na sosa ƙeya.

Sai ga Baba Mati daga Rafindadi,
jika na ja mashi sanda,
ya haura casa'in, haƙori biyu suka rage.
Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa da ƙumba,
kwanon ya amsa, ƙwal.
"Wanga ba shi ba ne.
Wancan tufa gare shi,
kamar an ɗinka ma karan dawa riga,
launinshi tokar murhu.
Ina warin mai? Ina ƙugin
da ya sa jakinmu ya watsar da mangala,
marina suka bar zane a karofi,
inna ta cusa ni ƙarƙashin rumbu
ta toshe bakin da jikinta tana salati?"

Na ce, "Baba, to kai ka gan shi?"
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Dugadugan inna na gani, da kaji na gudu.
Sauran a bakin mutane na tsinta.
Wani ya ce fiffike biyu, wani ya ce huɗu,
wani ya rantse matuƙin hannu ya ɗaga mana,
maƙwabcinmu ya ce bakin bindiga ne."

To ga mu nan tsaye,
ni da hoton da gara ta ci,
shi da labarin da baki ya tauna,
tsakaninmu ƙarfe kore, ya yi tsit,
bai san yaƙi ba, bai san girgije ba,
ko kaza ba ta tsoron sa.

Da la'asar na dawo da burushi.
Sada ya ce, "Za ka jawo mini magana."
Na ce, mai ƙira ya san inda ya yi ciko.
Na shafe allon, na rubuta da hannuna,
KAMARSA NE, IYAKAR SANINMU.
LAUNIN ZATO NE. WUTSIYAR TA IRO CE.

Ranar Alhamis 'yan makaranta suka zo.
Ba wanda ya tsaya karanta allo.
Wata ƙarama, tawada a yatsunta,
ta juya farfela, ta kumbura kumatu,
ta saki ƙugi da baki, sauran suka amshe,
har ɗakin ya ɗauka.

Baba Mati na zaune bisa benci.
Na ga kafaɗarsa ta ɗan noƙe,
idonsa ya nemi wurin ɓuya.
Sannan ya gyara hula ya ce,
"Kun kusa. Ku ƙara."